Amsoshin Tambayoyinku: Kogin Kaduna Ƙafewa Yake Yi Ko Ƙaruwa?

Tambaya: Ni haifaffen Nasarawa ne a nan kudancin garin Kaduna. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya zo garin nan tun zamanin Sardauna. Kullum yana ce mana kogin nan ba shi ne wanda ya tarar ba. Wai a da ko da rani ruwan yana da kauri, yanzu kuwa da bazara yara kan bi kan duwatsu su kai tsakiyarsa. To amma ga shi ba a shekara biyu ko uku sai ruwa ya shiga gidajen mutane. Yanzu wani dillali ya nuna mini fuloti mai araha a gangaren kogi wajen Kudenda, ya ce kada in damu, kogin ya riga ya mutu, Tafkin Chadi ma ya ƙafe balle wannan. Wasu kuma sun ce ambaliyar daga dam ɗin Kamaru take zuwa. Don Allah a fayyace mini: ruwan nan raguwa yake yi ko ƙaruwa? (Daga wani mai karatu, Nasarawa, Kaduna)

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ba da ko sisi a kan fulotin nan bisa maganar dillali. Ka ɗan haƙura ka ji dalili.

Abin da Baba ya gani gaskiya ne, abin da kai ma kake gani gaskiya ne. Inda maganar ke cukuɗewa shi ne, in muka ce "ruwan kogi" abu uku muke haɗawa a baki ɗaya. Akwai jimillar ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gada daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Akwai iyakar inda ya kai ranar da ya fi cika, galibi a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Sai kuma ɗan abin da ya rage yana gudana a Maris da Afrilu kafin ruwan farko ya sauka. Baba na ukun yake nufi, kai kuma na biyun ne ya dame ka. Kogi yana iya ƙara tumbatsa da marka, ya kuma ƙara ramewa da bazara, alhali jimillar ruwan shekarar ba ta wani canza ba. A ganina wannan ne ya sami Kogin Kaduna: ruwan shekara guda yana wucewa cikin kwanaki kaɗan fiye da da.

Ka sani yawancin ruwan da kake gani daga gadar Nasarawa ba a garin nan ya sauka ba. Kogin ya faro ne daga tsaunukan Jos, wajen Vom, ya gangaro yana karɓar rafuka da ƙoramu, har da Galma wadda ta biyo ta Zariya, kafin ya ratsa Kaduna ya raba ta biyu. Daga nan ya nufi Jihar Neja, ya bi ta Shiroro da Zungeru da Wushishi, ya faɗa Kogin Kwara a Muregi, daura da Pategi. Tafiyar kimanin kilomita 550. Shi ya sa wata rana za ka ga rana tarwai a Kakuri, ko ɗigo bai sauka ba, amma kogi ya kawo. Ruwan da aka yi shekaranjiya a can sama ne ya iso.

Mu a nan ruwan sama na shekara yana kaiwa wajen milimita 1,200, kuma kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba yake zuba. Daga Nuwamba zuwa Maris da wuya ka ga hadari. To me ke gudana a kogi a watan Maris? Ruwan daminar da ta wuce ne, wanda ya nutse cikin ƙasa, yake tsatsowa sannu a hankali ta idanun ruwa da fadamu. Ƙarƙashin ƙasar Kaduna kuwa dutse ne mai tauri, sai 'yar ƙasa mai laushi a bisansa, don haka ma'ajiyar ba ta da wani girma. Duk abin da ya hana ruwan damina nutsewa ya cuce mu sau biyu: ya ƙara ambaliya a Satumba, ya rage ruwan Maris.

Yanzu mu koma zamanin Baba. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sauran masaƙun suka biyo baya, samari suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka. Shekarun nan, daga 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1960, suna cikin mafi yawan ruwa da Afirka ta Yamma ta gani a ƙarnin da ya wuce. Damina mai kyau tana bin damina mai kyau, ƙasa ta ƙoshi, rijiyoyi sun cika. Wannan kogin ne Baba ya fara gani, da shi kuma yake auna na yanzu. Bai yi kuskure ba, sai dai abin da ya tarar shi ne kogin a lokacin ƙoshinsa. Da zai tambayi nasa kakan, da ya ba shi labarin farin 1913 da yunwar Kakalaba da ta biyo bayansa a 1914, lokacin da rafuka suka bushe a ƙasar Hausa.

Bayan ƙoshin nan sai fari ya zo. Na 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu da yawa, ya kori mutane daga Nijar zuwa garuruwanmu. Na 1983 da 1984 ya fi shi muni ga koguna, domin ya tarar da ƙasa ta riga ta yi shekara goma tana jin ƙishi. Kogin Kwara, babban kogin yankin nan duka, ya tsaya cak a Yamai a watan Yunin 1985, mutane suka taka ƙafa suka haye. Abin da masana ruwa suka lura da shi a lokacin, raguwar koguna ta zarce raguwar ruwan sama nesa ba kusa ba, saboda ƙasa da tsirrai da zafin rana sai sun ɗauki rabonsu tukuna, abin da ya yi saura ne ke isa kogi.

Tunda dillalinka ya kafa hujja da Tafkin Chadi, ya kamata mu tsaya a kansa, domin labarin da ake yaɗawa rabi ne. Gaskiya ne a 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000, kuma a tsakiyar shekarun 1980 bai fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. A farin 1973 ya rabu gida biyu, ɓangaren arewa ya riƙa bushewa, masuntan Baga suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa, babban aikin noman rani da gwamnati ta shimfiɗa a wajen Marte kuma ya tsaya a tudu. Dalilin saurin wannan canji shi ne tafkin kamar faranti yake, ga faɗi ba zurfi; in ka rage ruwa kaɗan sai gefe mai yawa ya bushe, in ka ƙara kaɗan sai ya malale ko'ina. Rana tana shanye sama da mita biyu na ruwansa duk shekara, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, waɗanda suka taso daga can kudu, Afirka ta Tsakiya da Kamaru. In damina ta gaza a can, Baga ce ke ji a jikinta.

Ragowar labarin da ba a cika faɗa ba ita ce, ba wannan ne karon farko ba. A farkon ƙarnin da ya wuce, wani hafsan Faransa mai suna Tilho da ya auna tafkin ya tarar da arewacinsa a bushe, daga baya ruwa ya dawo ya rufe wurin. Kuma tun daga shekarun 1990 hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna tafkin ya daina tsukewa, ɓangaren kudu ya tsaya da ƙafarsa, na arewa yana samun ruwa a shekaru masu kyau. A 2022 da 2024 ba ƙarancin ruwa ne ya fitar da mutanen yankin daga gidajensu ba, yawansa ne. Kogin Kwaran da ya tsaya a Yamai a 1985, shi ne a Satumbar 2020 ya kai matakin da ba a taɓa auna irinsa a birnin ba, ya ci unguwanni. Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka ma ya ja baya sosai har zuwa 2006, ana ta cewa yana mutuwa, sai ga shi a 2020 ya haura iyakar da ya taɓa kaiwa a 1964. Wanda duk ya gina gida a inda ruwa ya janye a waɗannan wurare, ruwan ya dawo ya same shi.

Ruwan sama ya farfaɗo a yankinmu tun daga shekarun 1990, amma halinsa ya canza, kuma manoma sun riga kowa ganewa. Za a yi kwana goma ko fiye ana kallon sama, shuka tana yaushi, sannan a kwarara na sa'a biyu kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna manyan hadura masu zubar da mamakon ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Kaduna tana kudu da Sahel, amma sama ɗaya ce ke kanmu. Ɗumamar duniya tana da hannu a ciki: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuma dole ta sauke. Ruwan da ya zuba a hankali cikin kwana uku ƙasa tana shanye mafi yawansa. In kuwa a sa'a biyu ya zuba, sai ya bi gangare.

Sai dai kada mu ɗora wa sama laifin duka, kuma nan ne zuciyata ta fi zafi. A Nijar da Burkina Faso an ga wani abin mamaki: ƙananan koguna irin su Sirba da Dargol sun ƙara ruwa a shekarun da ruwan sama ya ragu. Da aka bincika sai aka ga an sare daji, an nome ko'ina, fuskar ƙasa ta daskare ta yi ɓawo, ruwa ba ya ratsa ta, sai ya zarce kogi da jan laka. Dubi hanyar Kachiya ko ta Abuja ka ƙirga buhunan gawayi da lodin itace da ke shigowa garin nan kullum. Kowane lodi daga wani kurmi ya fito, kuma kurmin nan shi ne ke riƙe ruwa ya sake shi a hankali. Ƙasar da ruwa ya zaizayo kuma ba ɓacewa take yi ba. Tana kwanciya a cikin rafuka da kwalbatoci, ta cike wurin da ruwa zai bi.

A cikin gari abin ya fi haka. A ƙidayar 1963 mutanen Kaduna ba su fi dubu 150 ba, yau sun haura miliyan ɗaya da nisa. Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi, Gonin Gora, Kamazou, wurare da yawa cikinsu gonaki ne da daji a zamanin Baba. Bayan rikicin 2000 da na 2002, da mutane suka riƙa ƙaura suna neman inda hankalinsu zai kwanta, gine-gine suka bazu da sauri a duka ɓangarorin kogin, ba tare da an tsara magudanan ruwa ba. Ba na ganin laifin wanda tsoro ya kora ya kafa bulo inda ya samu, amma ruwa bai san wannan uzuri ba. Yi wannan lissafin da kanka: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a daren Agusta, zai zubar da lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. A da gona ce za ta sha mafi yawan wannan. Yanzu daga indararo sai tsakar gida mai siminti, sai lambatu, sai rafi, cikin 'yan mintoci. Ka ninka wannan da yawan rufin da ke tsakanin Kakuri da Gonin Gora. In lambatun kuma cike yake da leda da robobi, ruwan sai ya nemi hanya ta ɗakin wani.

Ta ɓangaren rani kuwa, masu sha daga kogin sun ƙaru. Matatar ruwa ta Malali da ta Kaduna ta Kudu daga cikinsa suke ja. Ka bi gaɓa a watan Fabrairu ka ji ƙarar injinan ban ruwa na 'yan lambu, ga kabeji da latas da tumatir kore shar, kowace mesa bakinta a cikin kogi. Rijiyoyin burtsatse kuma suna zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda da shi ne zai tsatso ya ciyar da rafuka. Masu ɗibar yashi suna nutso suna cika kwale-kwale, tifa tana kwasa; inda aka ƙwaƙule, ruwa yakan taru a rami mai zurfi ya bar duwatsu a fili, gaɓa kuma ta riƙa zaftarewa. Ramukan nan hatsari ne ga yaran da ka ce suna bin duwatsu, a ja musu kunne. Tun a tsakiyar shekarun 1970 hukuma ta ga ruwan rani ba zai ishi garin ba, shi ya sa aka gina madatsar Kangimi a ƙasar Igabi, a tara ruwa da damina a riƙa sako shi cikin kogin da rani. Ke nan wani ɓangare na ruwan da kake gani a Maris ma sako shi aka yi.

Maganar dam ɗin Kamaru gajera ce. Madatsar Lagdo a kan Kogin Binuwai take, in an buɗe ta Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi ne ke shan wahala, kamar yadda aka gani a 2012. Ruwanta ba shi da hanyar zuwa Kaduna. Shiroro, wadda ta fara ba da wuta a 1990, da Zungeru da aka gama daga baya, a kan koginmu suke, amma can ƙasa da mu, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Ambaliyar Kaduna daga ruwan da ya sauka a ƙasarmu da tsaunukan Jos take.

Ga abin da ya fi shafar fulotinka. Kowane kogi shimfiɗa biyu gare shi: kwarin da yake bi kullum, da fadamar da yake malala a kai in ya yi toroƙo. Fadamar nan tasa ce ko da ya yi shekara ashirin bai leƙa ta ba. A shekarun fari kogin ya daɗe bai hau ba, mutane suka saba, aka yanka fadama aka sayar, aka cike wasu wuraren da ƙasa. Sai daminar 2003 ta zo, ruwa ya ci gidaje masu yawa a garin nan. Ya sake a 2012 da 2015 da wasu shekarun bayansu, kuma sunayen da ake ji a rediyo ba sa canzawa: Titin Kigo, Titin Bashama a Tudun Wada, Rafin Guza, Kabala, a ɓangarenku kuma Nasarawa da Unguwar Romi da Gonin Gora. Kowane gini da aka ƙara a fadama yana matse hanyar ruwa, ruwan da aka matse kuma sama yake yi, ya shiga gidan da da can ba ya kaiwa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa babbar ambaliya sau ɗaya take zuwa a shekara ɗari. Abin da injiniyoyi ke nufi da wannan magana shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta zo, ko da bara ta zo. In ka zauna a gida shekara 30, yiwuwar ta same ka ta kai ɗaya cikin huɗu. Wannan ma in halin ruwan sama da na ƙasa bai canza ba ke nan, mun kuwa ga ya canza.

Masana ba sa yanke hukunci a kan kogi sai sun duba awon aƙalla shekara 30. Awon ba wani abu mai wuya ba ne: sanda ce mai lambobi a kafe a gaɓa ko a jikin ginshiƙin gada, mutum ya duba safe da yamma ya rubuta, daga tsawon ruwan a lissafa yawan abin da ke wucewa a daƙiƙa guda. Muna da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a nan Mando, ga hukumar NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya duk shekara, ga NiMet mai hasashen damina. Abin da nake fata shi ne a riƙa faɗin matakin kogin a rediyo kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba, da Hausa da sauran harsunan garin, a kuma shafa jan fenti a jikin gadoji inda ruwa ya kai a manyan shekaru, kowa ya gani da idonsa.

Kafin a kai ga haka, ka yi naka binciken. Kada ka duba fili da rani. Ka jira ƙarshen Agusta, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka ɗauki Baba ku je tare, zai iya tuna ko wurin shinkafa da rake ake nomawa a da, in kuwa haka ne to fadama ce. Dubi katangun maƙwabta: ruwa yakan bar zane mai ruwan ƙasa a miƙe, ƙasansa fenti ya kumbura, siminti yana marmashewa. Ɗaga kai ka dubi rassan bishiyoyin gaɓa, ledojin da suka maƙale suka bushe a can sama ba iska ce ta kai su ba. In ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku a gidajen layin, ka san dalili. Tambayi 'yan lambu da masu ɗibar yashi da mai unguwa ina ruwa ya tsaya a 2012, su nuna maka da hannu, sannan ka dubi fulotin ko yana sama da wurin ko ƙasa. Bayan haka ka kai lambar filin ofishin KADGIS a duba ko yana da asali, ka tambayi KASUPDA ko za su ba da izinin gini a wurin, domin gidan da aka gina a hanyar ruwa ko ambaliya ta ƙyale shi yana iya haɗuwa da rusau. In amsa ɗaya daga cikin waɗannan ba ta kwanta maka ba, ka bar kuɗinka a aljihu ka nemi fili a tudu, ko da ya fi wannan ƙanƙanta da nisa.